Masu lissafin fiziks da ba sa shiga ɗakin gwaji, me suke yi?

Ɗan'uwa, ka ce wai me masu nazarin fiziks na daskararrun abubuwa suke tsinanawa tunda daga allo sai kwamfuta. Wallahi aikinsu ba ƙarami ba ne. Tun 1911 wani masani mai suna Kamerlingh Onnes a birnin Leiden na ƙasar Holan ya sanyaya zaiba har kusan kelbin 4, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos, sai ya ga lantarki na wucewa ta cikinta ba turjiya ko kaɗan, amma kowa ya rasa dalili, aka yi ta fama har 1957 da Bardeen da Cooper da Schrieffer suka warware shi da lissafi a jami'ar Illinois. Ga abin da suka gano: ilektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, tunkuɗe juna suke yi, to amma idan ɗaya ya ratsa ƙarfe yana ɗan janyo ƙwayoyin zarran da ke gefensa, wannan 'yar lotsawar ce ke jawo na biyu, sai su haɗu biyu-biyu su wuce abinsu ba mai tare su. Masanan nan uku sun samu kyautar Nobel a 1972.

Kuma fa da sauran aiki, haɗin jan ƙarfen da wasu masana biyu, Bednorz da Müller, suka gano a 1986, wanda shi ma lantarki ke wucewa ta cikinsa ba turjiya, har yau masana ba su yi matsaya ɗaya kan yadda yake aiki ba.