Yadda ake sauya CFLAGS na ɗan lokaci wajen girka gem (kunshin lamba) a yaren shirye-shirye na Ruby

Tambaya: Na sabunta kwamfutata, GCC (kompailan C, mai mayar da lamba shirin da kwamfuta ke gudanarwa) ya koma na 14, sai wani tsohon gem mai ɗauke da lambar C ya ƙi girkuwa. Mkmf.log, fayil ɗin rahoton girkin, yana kukan incompatible-pointer-types. Wani ya ce in buɗe rbconfig.rb in gyara CFLAGS, wato tutoci ko zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa kompaila. In yi?

Amsa: Kada ka taɓa wannan fayil, Malam. A cikinsa Ruby ke ajiye yadda aka gina shi tun farko, kuma duk gem da za ka girka nan gaba daga nan zai ɗebi tutocin kompaila. Ka gyara don guda ɗaya, saura duk su sha wahalar, bayan wata biyu kai kanka ka manta ka yi.

Asalin matsalar, GCC 14 da ya fito a 2024 ya mayar da wasu tsofaffin gargaɗi kuskure, ciki har da wannan naka. Don haka girki ɗaya kawai kake so ka lallaɓa:

gem install sunan_gem -- --with-cflags="-O2 -Wno-error=incompatible-pointer-types"

Lura da sandunan nan biyu da ke tsaye su kaɗai a tsakiya. Su ke gaya wa gem cewa abin da ya biyo baya na extconf.rb ne, fayil ɗin da ke shirya ginin lambar C ta gem ɗin. Kuma ba banza na sa -O2 ba. Zaɓin --with-cflags ba ƙari yake yi kan tutocin Ruby ba, share su yake ya zauna a wurinsu. In ba ka sa -O2 ba, gem zai girku lafiya amma ba tare da saurin da ya kamata ba, kuma babu abin da zai sanar da kai. In kana son ganin na asali kafin ka rubuta naka, ruby -e 'puts RbConfig::CONFIG["CFLAGS"]' zai nuna maka.

Mai amfani da Bundler, manhajar kula da gems na aiki, sai ya ce bundle config set build.sunan_gem, ya bi shi da wannan zaɓi. Amma fa wannan yana zama a fayil, sai ka cire da unset in marubutan gem sun gyara lambarsu.

In kuwa kai ne mai extconf.rb, mkmf, ɗakin karatun Ruby da extconf.rb ke amfani da shi, na da with_cflags, mai sauya $CFLAGS a cikin bulok. Yana da wata ɗabi'a da ke kama mutane: tsofaffin tutoci na dawowa ne kawai idan bulok ya ƙare da false ko nil. In gwajin ya yi nasara, sababbin sun zauna ke nan. Ni na fi son append_cflags, don yana gwada kowace tuta, wadda kompaila ya ƙi ya watsar da ita.