Banki ya ƙi amincewa da katina a intanet, in sake gwadawa?

Tambayarka ita ce ko ya dace ka ci gaba da gwada biyan kuɗi da katinka a shagon intanet bayan banki ya ƙi amincewa, alhali akwai isasshen kuɗi a asusunka. Shawarata ita ce ka dakata, ka kira bankin ta lambar wayar da ke bayan katin kafin ka sake gwadawa, domin na'urar da ke tantance zamba tana ɗaukar gwaji da yawa a jere a matsayin alamar cewa katin ya faɗa hannun ɓarawo, kuma tana iya toshe shi gaba ɗaya har ka kasa cire kuɗi a ATM ko a wurin mai POS.

Abin da na fi ganin yana jawo wannan shi ne barin VPN (manhajar da ke ɓoye ainihin wurin da kake a intanet) a kunne lokacin biya, saboda banki zai ga katin Najeriya ana amfani da shi kamar daga Amurka ko Jamus, sai ya yi zargi, kuma ba na ganin laifinsa a nan. Ka kashe VPN ɗin, ka tabbatar adireshin da ka rubuta ya yi daidai da wanda ke rajistar asusunka. Idan kuma an cire kuɗin duk da cewa cinikin bai kammalu ba, ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan matsala cikin awa 72, don haka ka ajiye saƙon cirewar a matsayin hujja lokacin shigar da ƙorafi.