Tambaya da Amsa: Ashe Girkawa Ma Na Duban Wata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A darasin tarihi an ce mana Girkawan dā suna bikin tsayuwar wata. Shin irin duban watanmu ne? Har yanzu akwai masu yi? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

Amsa: 'Yata, ba a faɗa muku ƙarya ba. A birnin Atina sai an ga jinjirin wata ake cewa ya kama, rana kuma daga magariba take farawa. To, iyakar kamar ke nan. Mu lissafin azumi da Sallah muke nema, su kuwa ranar ta gumakansu ce, suna ce mata Numeniya.

Tun daren ƙarshen wata ake soma hidima. A share gida tas, a kai ƙwai da tafarnuwa da kifi mararraba a ajiye wa gunkiyarsu Hekate. Talakawan gari ne ke kwashewa, abin da ni dai ban ga laifinsa ba. Ranar ce kuma ta biyan bashi, don haka ba kowa ke ɗokinta ba. Kashegari maigida ya ƙona turaren lubban a gaban gumakan gida. Majalisar gari ba ta zama, amma kasuwa cika take maƙil.

A kan dutsen Akropolis da ke Atina, duk wata akan ajiye wainar zuma don macijin da suka ce shi ke gadin birnin. Herodotus, marubucin tarihi Bagirke, ya ruwaito cewa a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, da Farisawa suka taso, an tarar da wainar ba a taɓa ta ba. Sai mutane suka ce gunkiyar birnin, wadda ita ma sunanta Atina, ta bar garin, suka ƙara azamar yin ƙaura.

Yau galibin Girkawa Kiristoci ne 'yan Otodoks. Amma akwai 'yan tsiraru da suka tono addinin kakanninsu, irin ƙungiyar YSEE da aka kafa a 1997, wadda hukumar Girka ta amince da addininta a 2017. Akwai irinsu a Amurka ma. Wasu maimakon mararraba sai su kwashe abincin firji su ba mabukata, su sake cika ɗan tulun da suke ajiye wa gunkinsu Zeus da ruwa da man zaitun da hatsi. Da yawansu a waya suke duba ranar, ba a sama ba, kuma har yanzu suna gardama: a bi watan Atina ko na garin da mutum yake.