Ina za mu ci abinci mai daɗi a Kaduna?

Ka tambaya ina kai da abokanka za ku zaga cin abinci a Kaduna. Ɗan'uwa, ku sammaka Tudun Wada wajen masu waina, ku ce a zuba muku miyar taushe, ba yaji kaɗai ba. Da rana Kasuwar Barci akwai ɗanwake da fura da nono.

Amma ni dai dare ne lokacin Kaduna. Bayan sallar isha'i ku bi Unguwar Sarki ko Kawo, ku tsaya gun mai tsire da wutarsa ke ci, ku sa ya yanka a gabanku, kuli-kuli na ƙamshi, albasa ɗanya a gefe. Naman da ya huce a takarda kada ku karɓa.