Ga ƙanena mai neman karatu a Tasalonika

Assalamu alaikum, ƙanena. Ka tambaye ni ko Tasalonika, inda kake neman gurbin karatu a Jami'ar Aristotle, tana kama da tsibiran Girka da kake gani a hotuna, masu fararen gidaje da rana kullum. Ba haka take ba, kuma gara ka san yanayin wurin tun kafin ka haɗa kayanka.

Birnin yana can ƙuryar mashigin tekun Tarmayikos, wato inda tekun Ejiyan ya kutsa cikin ƙasa ta arewa maso yamma. Ranar da gari ya washe, idan ka tsaya a bakin ruwa za ka hango dutsen Olimfos a ƙetare, wanda tsayinsa ya haura mita 2,900. Ta kudu maso gabas kuwa yankin Halkidiki ne, mai rassa 3 da suka miƙe cikin teku: Kasandara, Sitoniya da Atos.

Gaɓar yammacin mashigin ita ce ta fi shafar zamanka. A can ne kogunan Aksiyos, Aliyakmonas, Ludiyas da Galikos suke zuba, kuma laka da yashin da suke kwasowa sun daɗe suna cike tekun, har ta kai Pella, tsohuwar hedikwatar Masedoniya wadda a da jiragen ruwa kan isa gare ta, yanzu tana can cikin tudu nesa da gaɓa. Saboda gudun kada tashar jiragen ruwan Tasalonika ta toshe ne aka karkatar da bakin Aksiyos a shekarun 1930. A fadamar da lakar kogunan nan ta samar ne ake noman shinkafa, daga can kuma sauro yake damun mutane lokacin zafi.

Ta kwarin Aksiyos ɗin ne iskar da ake kira Bardaris take gangarowa daga arewa. Busasshiya ce kamar iskar hunturunmu, sai dai sanyinta yana ratsa ƙashi, don haka ka tanadi rigar sanyi mai kauri, kuma kada ka biya kuɗin haya sai ka tabbatar ɗakin yana da na'urar ɗumama wuri, ka kuma ji wanda zai riƙa biyan kuɗinta.

Ruwan gaban birnin ba na wanka ba ne, mutane kan tafi Efanomi ko Halkidiki. Aikin otal da ka ji ana samu a can na watannin zafi ne kawai, saboda haka kada ka ɗora lissafin kuɗin shekararka a kansa.