Tambaya da Amsa: Makullin Motar da Na Saya a Intanet Ba Shi Aka Tallata Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi makulli mai rimot na motata Toyota Camry a wata kasuwar intanet. An rubuta cewa sabo ne dal, na kamfani, kuma zai hau motar. Mai haɗa makullai ya gwada har sau uku, motar ta ƙi karɓarsa. Mai kayan ya ce in ya sayar ba a dawo masa. Kuɗina ya tafi ke nan? — Wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai tafi ba tukuna, muddin ta cikin kasuwar ka biya kuma wa'adi bai cika ba. Maganar "ba a dawowa" tana aiki ne kan wanda ya sauya ra'ayi. Idan kaya ya saɓa wa abin da aka rubuta, dokar kasuwa ce ke hukunci. A eBay, alal misali, dole mai kaya ya karɓi abinsa, kuma shi zai biya kuɗin mayarwa.

Sai dai "mota ta ƙi karɓa" ba hujja ba ce. Sai ka nuna dalilin ƙin. Makullin zamani abu uku ne a kwanso ɗaya: ƙarfen da ake yankawa, 'yar ƙwayar lantarki da masu sana'a ke kira cip wadda ke ba injin izinin tashi, sai rimot mai buɗe ƙofa. Kowanne na iya zama daidai ɗayan ya kuskure, shi ya sa za ka ga makulli ya juya, fitilun dashbod sun kama, amma inji ya ƙi tashi.

Ɗauko tsohon makullinka ka aje su gefe da gefe. A makullan Toyota da yawa akwai alama a gindin ƙarfen: ɗigo, ko harafin G, ko H. Kowace alama cip ɗinta daban, kuma mai G ba ya aikin mai H ko da kwansonsu iri ɗaya ne sak. Sai zangon rimot, wato mitar rediyon da yake aika saƙo da ita, wadda ake aunawa da MHz: motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka galibi 315 MHz ne, na Turai 433 MHz, kuma mota ba ta jin rimot ɗin da ba na zangonta ba. Rimot na Amurka yana da lambar FCC ID, wato lambar rajistar hukumar sadarwa ta ƙasar, a bayansa ko cikin murfin batir. Idan lambar da ke talla daban, wadda ke hannunka daban, ka gama samun hujja.

Abin da muka fi zargi a naka shi ne makullin hannu da aka sa wa sabuwar riga. Makulli da yawa, musamman na motocin da ake tayarwa da dannawa, da zarar an haɗa su da mota ɗaya sai su kulle a kanta, ba sa hawa wata sai an wanke su da na'ura. Buɗe kwanson da tsinin ƙaramin sukudireba ka duba. Ƙura a kusurwa, gogewa a inda batir ke zama, ko dalma mai kauri da aka ɗiga da hannu, duk suna nuna allon lantarkin da ke ciki ya taɓa aiki. Na'urar mai haɗa makullai tana karanta irin cip da zango nan take, yawancinsu kuma suna nuna ko a kulle yake. Ɗauki hoton fuskar na'urar da makullin a kusa da ita. Ka kuma tambaye shi ko gurbin makullan motar bai cika ba, don motoci na da iyakar adadin da suke riƙewa. Idan nan matsalar take, mai kaya ba shi da laifi.

Daga nan sai ƙorafi. Ɗauki hoton shafin tallan yau ɗin nan, kafin a gyara rubutun ko a sauke shi. Rubuta wa mai kayan ta akwatin saƙon kasuwar kaɗai, layi uku sun isa: abin da ya rubuta, abin da ya iso, da cewa cikakken kuɗinka kake so. Wajen zaɓen dalili, zaɓi cewa kayan ba kamar yadda aka bayyana ba ne. Wanda ya danna "na yi kuskuren oda" ya ɗora wa kansa kuɗin aikawa, wani lokaci ma ya rufe wa kansa ƙofa.

Wa'adi ne ke kayar da mutane. eBay na ba da kwana 30 daga isowar kaya, mai kaya na da ranakun aiki 3 ya amsa, in ya yi shiru sai ka kira kamfanin ya shiga tsakani. A AliExpress kwana 15 ne bayan karɓa. A Amazon, idan ɗan kasuwa ne ya aiko da kansa, sai ka jira shi awa 48 kafin ka nemi kariyar mai saye da kamfanin ke kira A-to-z. Ana sauya waɗannan ƙa'idoji lokaci-lokaci, saboda haka ranar da ke rubuce a shafin odarka ita ce abin riƙo.

Tambaya: Ni kam an riga an yanka ƙarfen kafin a gane cip ɗin ba na motata ba ne. Za su karɓa? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, an ɗan yi gaggawa, amma da sauran magana. Kasuwanni na so kaya ya koma yadda ya zo, kuma mai kaya zai kafe a kan yankan, yana iya neman a zabge wani abu daga kuɗin. Kada ki ɓoye. Ki rubuta cewa an yanka ne bisa dogaro da tallansa, ki haɗa da hoton na'ura da 'yar takarda daga mai haɗa makullai mai ɗauke da irin cip ɗin da aka samu da wanda motar ke buƙata. Idan makullin mai naɗewa ne, fil guda ke riƙe da ƙarfen, ana iya cire shi a sa sabo, sai dai ki faɗa cewa an yi hakan. Kuɗin yanka da ladan mai haɗawa kuwa ki cire rai, kariyar kasuwa kuɗin kaya da na aikawa kawai take mayarwa. A gaba, a fara karanta cip da zango, yanka ya zo ƙarshe.

Tambaya: Mai kayan ya ce in janye ƙorafin tukuna, zai aiko mini da wani. In yarda? — Wani mai karatu

Amsa: A'a. Tsohuwar dabara ce ta cin lokaci. Ƙorafin da ka rufe da hannunka galibi ba ya sake buɗuwa, kafin "sabon" ya iso, in ma ya iso, wa'adi ya wuce. In da gaske yake, ya aiko ƙorafi na buɗe. Idan ta PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ka biya, ka ɗaukaka ƙorafin zuwa ga kamfanin cikin kwana 20, in ba haka ba zai rufe da kansa. Tayin rabin kuɗi ka riƙe kaya yana da amfani ne kawai idan kwanson ko ƙarfen zai yi maka aiki. In an ce ka mayar, yi amfani da takardar aikawa ta kasuwar ko hanya mai lambar bin sawu, ka ɗauki bidiyon rufe kunshin, ka adana rasit.

Tambaya: Mun haɗu a kasuwar, amma ya ce in tura masa kuɗin kai tsaye zai rage mini. Kwanso aka aiko, ba komai a ciki. — Wani mai karatu

Amsa: Malam, wannan ragin kariyarka ka sayar da shi. Kasuwa ba ta tsaya wa cinikin da aka ƙulla a bayanta, haka PayPal ba ya kare kuɗin da aka tura ta hanyar 'yan uwa da abokai. Idan da katin Visa ko Mastercard ka biya, je bankinka ka nemi a janyo kuɗin bisa dalilin kaya ya saɓa wa bayani. Yawanci akwai kwana 120, kuma za su nemi shaidar ka yi ƙoƙarin mayar da kayan. Idan taransifa ce daga asusu zuwa asusu, sanar da banki yau cewa zamba ce, ka kai rahoto ga hukuma, ka kuma kai ƙarar shagon ga kasuwar tare da hoton saƙon da ya nemi ka biya a waje, don wannan na iya sa a rufe masa shago.