Me matan Alpha Kappa Alpha suka taɓuka?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙungiyar Alpha Kappa Alpha, wadda kika ji an ce Kamala Harris 'yar cikinta ce, ta wuce anko da bukukuwa. Wallahi ta wuce nesa ba kusa ba.

Ɗalibai mata baƙar fata ne suka kafa ta a Jami'ar Howard da ke Washington a 1908, lokacin da wariyar launin fata ke ci kamar wutar daji a Amurka. A can ne Kamala ta shiga ƙungiyar a 1986, ta kuma zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2021. Toni Morrison, da ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1993, ita ma tasu ce. Haka Katherine Johnson, masaniyar lissafi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka: a 1962, kafin ɗan sama jannati John Glenn ya zagaya duniya a kumbo, sai da ya nemi ta sake duba lissafin kwamfuta da hannunta.

Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne aikin Dakta Dorothy Ferebee. Daga 1935 ta riƙa jagorantar 'yan ƙungiyar zuwa karkarar jihar Mississippi ta Amurka a lokacin bazara. Masu gonakin auduga suka hana ma'aikatansu zuwa asibitin da ƙungiyar ta buɗe. Sai matan nan suka loda magunguna a motocinsu, suka bi su har gona, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo.